Shekarar da Na Tuge Danga

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, allon ma ban yi nisa da shi ba. Ina faɗa ne, autata Fanna tana rubutawa, kuma na gaya mata kada ta ƙara gishiri. Abu guda ya zaunar da ni. Har yau, idan ƴaƴanku suka yi faɗa da yaran gari, ana ce musu jikokin mai gida tsirara. Ku ma kun tashi kuna jin cewa uwarku ta tuge dangar gidan mijinta ta ba baƙi, ta kori ɗanta na fari. Kuna ƙanana a lokacin. Ba ku taɓa tambayata ba, ni kuma ba mai yawan magana ba ce. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Gara ku ji daga bakina.

Daga wajen Gamu aka kawo ni aure garin nan, gabas da Gure. Ranar da na fara ganin kwarinmu ban manta ba. Ana tafiya cikin yashi, ba inuwa, ba tsuntsu, sai kawai ƙasa ta gangara a gabanka, ka ga kore har ido ya ƙoshi. Goruba a baki-baki, dabino a ciki, garake a ƙarƙashin dabino, can tsakiya kanwa fara fat kamar an shanya zane. Ruwan rijiya kusa yake, in ka leƙa sai ka ga fuskarka. Tun asuba jigo ke kuka, wannan ya ɗauka wancan ya amsa, mata suna kiran juna daga garka zuwa garka, rabi da Hausa rabi da Barbarci. Rogo, albasa, dankali, rake, tattasai. A shekarun yunwa na binne ƴaƴa biyu, shanun gidanmu suka ƙare a kan idona. Ku da kuka rayu, kwarin nan ne ya raya ku. Ba gona ba, ba dabba ba.

Mahaifinku bahago ne. Da hagu yake jan guga, da hagu yake saran itace, abinci kawai yake ci da dama. A rani na ƙarshe da ya yi a duniya, ya ce dangar gidanmu ta tsufa. Ya tara zarɓa, wato busassun rassan dabino, ya tufka igiyar kaba da kansa, shi da yayanku Abba suka kafa sabuwa. Abba ba sunansa ba ne, kun sani. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa zai fara a takarda ba. Lokacin gemu ya fara leƙo masa. Uban yana ɗaure tanka, ɗan yana riƙewa. Ƙullin bahago daban yake, baya yake juyawa, duk garin an san shi. Danga ce mai tsayi, mai raƙumi ma sai ya miƙa wuya kafin ya hango tsakar gida. Da ruwan farko ya sauka, ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifinku. Bai ga kaka ba. Ya bar mini ku, da dangar nan, da garka mai ƴan itatuwan dabino a kusurwar gabas ta kwari.

Sama da garkar tamu akwai Jan Tudu. Da na zo garin, ciyawa gare shi, da itatuwan aduwa da na kandili. Fari ya ci rabi, gatari da awaki suka ci sauran. Da ya zama tsirara sai ya fara tafiya. Tudu ba ya gudu. Kowane rani iskar gabas takan ɗebo yashi daga bayansa ta zubo a gabansa, shi ke nan. A haka ya cinye garkar da ke sama da tamu. Na ga dabino a tsaye, yashi har wuya, ganye kawai a waje kamar hannun wanda ya faɗa rijiya. Bayan rasuwar mahaifinku da shekara biyu ya iso bakin garkarmu. Kullum safe da ƙwarya nake kwashe yashi daga fangalin albasa, kullum safe in tarar ya dawo da ƴan'uwansa. Damina kuma ta yi ƙarya a shekarar. Gero bai kai gwiwa ba ya bushe. Ko karan kirki ba a samu ba.

A wannan kakar mutanen furoje, masu aikin tsayar da yashi, suka zo da mota. Mun saba ganin masu mota. Su sha ruwa, su ɗauki hoto, su tafi. Waɗannan suka sauke kaya a gidan Bulama, mai garinmu, suka zauna. Injiniyoyi ne su uku, kowa da ƙasarsa. Akwai Hadiza, ƴar Damagaram, doguwa, mai takalmin maza. Ita ce bakinsu, don ita kaɗai ke jin Hausa. Akwai Sidi, dattijo daga Muritaniya, mai shuɗiyar riga, wanda aka ce ya tsufa yana kokawa da yashi a ƙasarsu. Sai wani siririn saurayi daga ƙasar Sin. Sunansa ya gagari bakinmu. Da yara suka ga yana zana gida-gida a kan yashi kamar mai shirin dara, suka sa masa Maidara, ya kuwa amsa.

Su ukun ba sa rabuwa, ba sa kuma daina gardama. Da Faransanci suke yi, a kan tudu, hannu yana tashi. Sidi ya watsa yashi sama ya ga inda ya nufa, Maidara ya duba wani ɗan abu mai juyawa a kan sanda, Hadiza ta tsaya tsakiya ta raba. Da la'asar kuma su zauna kan tabarma guda su sha shayin Sidi kamar ba su ba. Wata rana suka tara mu suka nuna hotuna. A ƙasar Sidi, tudu ya shiga masallaci har taga. A ƙasar Maidara, an ɗaure tudu da busasshiyar ciyawa, gida-gida, har itace ya tsiro a kai. Maƙwabciyata Yakura, tsohuwa mai baki kamar aska, ta daɗe tana kallo.

"Ashe yashi ba shi da yare," in ji ta. "Ko'ina halinsa guda, kamar maza."

Hadiza ta fassara. Sidi ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Abin da suka ce a yi ba ɓoyayye ba ne. A kafa shinge a gicciye da hanyar iska, daga wannan kafaɗar tudu zuwa waccan, a bi bayansa da ƙananan shingaye gida-gida. Yashi ya kwanta. In damina ta zo a shuka itace da ciyawa a cikin gidajen, a hana dabba hawa har su kama ƙasa. Sidi ya ce kada shingen ya zama katanga. Iska ba a tare ta, gajiyar da ita ake yi. A bar mata kafar da za ta wuce, ta ajiye kayan da ta ɗauko.

Muka fita, maza da mata. Duk zarɓar da ta bushe a kan itace aka sauke ta. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo wata daga nesa, ya yi ta maƙalewa a yashi har shofer mai tuƙa shi ya rantse ba zai dawo ba. Shinge ya taso daga arewa, ya taso daga kudu, sai kaya suka ƙare. Aka bar giɓi a tsakiya. Giɓin kuwa daidai kan garkata ya buɗe baki, da rijiyar da duk kusurwar gabas ke sha. Wasu suka ce a sare ɗanyar zarɓa, amma kowa ya san dabinon da aka yi wa aski ba ya haihuwa. Wasu suka ce a je daji a saro ƙirare. Su ukun suka ƙi da baki ɗaya, suka ce tudun da aka sare wa itace shi zai tashi baɗi, an ɗinke nan an yage can. Aka ce to a bar giɓin sai wata shekara. Sidi ya durƙusa, ya kafa tafukansa biyu a kan yashi da ɗan tsakani, ya hura. Yashi ya fita ta tsakanin kamar an harbe shi. Ba wanda ya nemi fassara.

Wata rana suka sauko daga tudu da rana tsaka, ƙishirwa ta tsayar da su a ƙofata. Na fito musu da ruwa. Sidi ya jingina da dangarmu yana sha, sai ya juya. Ya shafa zarɓar, ya girgiza tanka, ya ɗora tafinsa yana jin iskar da ke ratsawa. Ya ce wani abu. Maidara ya matso ya fara auna tsawonta da taku. Hadiza ta ɗaure fuska, ta yi musu magana da zafi. Maidara ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama.

"Me ya ce?" na tambaye ta.

"Ba komai, Inna. Yaba aikin yake."

"Yabo ba ya sa a yi wa dattijo tsawa. Me ya ce?"

Ta dubi ƙasa.

"Ya ce irin wannan ake so. Busasshiya, mai ƙarfi, iska na ratsa ta. Ya ce da za a sami dangogin garin nan, da an rufe giɓin. Na ce masa bai san abin da yake faɗa ba. Na ce a nan danga ba itace ba ce."

"Mece ce?"

"Inna, kin fi ni sani."

Na fi ta sani. Danga rufin asiri ce. Ba don ɓarawo ake yin ta ba. A shekara irin wannan, bayan danga ne mace ke ɗora tukunya da ruwa zalla don hayaƙi ya tashi, maƙwabta su ce gidan nan an yi girki. Ni na yi haka, kuna zaune kuna kallon murhu har barci ya kwashe ku.

Maganar ta kai gaban Bulama duk da haka. Maza suka zauna, zaman bai yi tsawo ba. Na ji wani ya ce gara yashi ya ci kwari da a ga tukunyar matarsa. Injiniyoyin ba su matsa ba. Sidi ma ya aiko Hadiza gida-gida ta ba da haƙuri, ya ce baƙo ido gare shi amma makaho ne. Suka koma kan tudu suka sake gardama, suka sami wata dabara. Hadiza da kanta ta zo ta same ni a garka.

"Inna, za mu tuge abin da aka kafa, mu sauko da shingen ƙasa, inda tudun ya tsuke. A haka kayan za su isa. Za mu ceci tsakiyar kwari."

"Kusurwar gabas fa?"

Ta juya tana kallon tudu.

"Faɗi."

"Za ta zauna a waje."

Na gode mata. Yarinyar ba ta taɓa yi mini ƙarya sau biyu ba. Da ta tafi na duba dabinon da mahaifinku ya dasa shekarar da aka haifi Abba. Yashi ya rufe masa gindi. Na yi lissafin da kowace uwa ke yi, wanda ba ya bukatar lakwal. Idan garka ta tafi, sai mu ɗauki tabarma mu nufi Gure, ƴan matan su yi wanke-wanke a gidajen mutane, mazan su yi dako a tasha. Na ga waɗanda suka tafi haka a shekarun yunwa. Ba su dawo ba, kuma a can ma ba su da danga.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki fartanya na fara haƙa gindin dangarmu. Ban yanke ƙulli ko ɗaya ba. A wurin dirka kawai nake kwancewa, in kwantar da ita sashe-sashe, yadda mai ita ya ɗaure. Abba ya dawo daga masallaci ya tarar da gefen gabas a ƙasa.

"Inna, me kike yi?"

"Abin da ka gani."

"Dangar Baba ce."

"Garkar ma tasa ce."

"Da hannunsa ya ɗaure ta. Ni na riƙe masa."

"To zo ka riƙe mini."

Bai zo ba. Ya tsaya hannu a baya. Mutane sun fara fitowa suna kallo daga nesa.

"Za ki tsiraita mu a gaban gari saboda maganar baƙi?"

"Baƙi ba su roƙe ni ba. Danga ba a cin ta. Ƙannenka dabino suke ci."

"In ta fita daga gidan nan, ni ma na fita."

"Ƙofa ta yi faɗi yau," na ce.

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma na faɗa. Wannan shi ne korar da kuke ji. Ya ajiye mini abu biyu ya ce in ɗauki ɗaya, na ɗauka. Ya shiga ɗaki ya naɗe rigunansa, ya fita ta inda babu danga. Daga baya masu zuwa kasuwar Gure suka ce sun ga ya hau kamiyon arewa. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Babu inda zan ɓuya in yi.

Na ɗora sashe na farko a ka na ratsa gari. Ba wanda ya ce mini sannu. Maza suka kau da kai kamar sun ga mace ba zane. Sai Yakura ta leƙo ta saman tata dangar.

"Bintu, ina za ki kai gidanki?"

"Inda ake bukatarsa, Yaya."

"Tsaya, mahaukaciya. Ke kaɗai za ki ci ladan? Tawa duk huji ce, abin da take ɓoyewa ma ya daɗe da tsufa."

Da muka iso gindin tudu, Hadiza ta hango mu ta sauko a guje, yashi yana cika mata takalmi.

"Inna, ba mu ce ki yi ba."

"Na sani. Nuna mini wuri."

Sidi ne ya sauke mini kayan da hannunsa. Ya durƙusa ya daɗe yana duban ƙullin, ya juya hannunsa na hagu a iska, sannan ya yi wa Hadiza magana a hankali.

"Ya ce, mai wannan ɗaurin bahago ne?"

"Ce masa eh. Ce masa ya rasu."

Ya shafa fuska ya yi masa addu'a da Larabci. Wannan kam na ji ba fassara. Sannan ya nuna can sama, tsakiyar giɓin, inda iska ke fara bugu, ya ce a nan za a kafa ta. Maidara ya tuɓe takalmi ya shiga haƙa da kansa.

Tawa da ta Yakura ba su rufe ko rabin giɓin ba. Sai masu garka a kusurwar gabas suka biyo. Wasu matan suka jira mazansu suka tafi kasuwa, kafin su dawo gida ya zama fili. Aka yi faɗa, aka yi yaji, aka dawo. Bulama ya kawo tasa a ƙarshe-ƙarshe, yana cewa dama gara ta ci gindinta. Makewayi kawai kowa ya bari. Akwai gidajen da suka ƙi har aka gama. Ba zan faɗi suna ba. Jikokinsu ne ke zagin naku. Kafin iskar gabas ta yi ƙarfi, giɓi ya rufe.

Yanzu ku ji abin da ba a gaya muku ba. Kwanakin farko sun yi ɗaci. Ka fito ɗaki ka ga gari gaba ɗaya, gari ya gan ka. Awaki suka shiga ko'ina. Na ɗora tukunyar ruwa zalla kamar yadda na saba, sai na ɗaga kai na ga matar liman, gida uku daga namu, ita ma tana fifita wuta a ƙarƙashin tukunyar da ba ta taɓa motsawa ba. Muka haɗa ido. Da gari ya waye ta aiko mini da ɗan wake, na aika mata da rogo. Ashe duk garin tukunyar ƙarya muke dafawa, kowa a bayan dangarsa, kowa yana zaton shi kaɗai Allah ya jarraba. Daga nan aka daina wahalar da itace. Wadda ta samu ta dafa, yara su bi ƙamshi. Ba wanda ya tsara haka. Ido ne kawai ba ya iya ganin yaron maƙwabci yana lasar hannu ya ci gaba da tauna.

Ban taɓa jin garin nan da murya irin ta wannan shekara ba. Turmi uku suna amsa wa juna ba shamaki. Mace tana tsakar gidanta tana wa wata kitso, tana gardama da ta uku a ƙetaren hanya. Yakura ta kafa kujerarta inda dangarta take dā, ta zama alkalin kowa.

"Malam Kyari, ashe kai ke wa akuya susa da safe? Mu da muke ce maka zaki!"

"Yakura, ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Kai ne na daina ji."

Injiniyoyin ma suka zama ƴan gari. Maidara ya koyi cin tuwo da hannu, ya koyi cewa "madalla" ko an taka masa ƙafa. Ke Fanna, a kafaɗarsa kike hawa tudu. Hadiza takan zauna a tabarmata ta cire takalman nan ta ce ƙafafunta sun gaji da zama maza. Sidi yakan dafa shayi a filin da ya zama na kowa, ya miƙa wa tsofaffi, suna hira shi da Larabci su da Barbarci, kowa yana gyaɗa kai. Da rana kuma su ukun suna bisa tudu, inda iska ta kayar a tayar, inda yashi ya binne a ƙara tsayi. Ni kuwa kullum safe in je garka da ƙwaryata. Wata safiya na tsaya a bakin fangalin albasa, ban ga abin kwashewa ba. Na zauna a ƙasa. A nan ne na yi kukan Abba, dabino ya rufa mini asiri.

Damina ta zo, ba mai yawa ba, amma ta zo. Muka hau da ƴan itatuwa a leda, muka dasa gida-gida, muka watsa irin ciyawa. Aka sa doka ba dabbar da za ta hau, har makiyayan wajen Alakos da ke ratsawa aka nuna musu wata hanya. Da itatuwan suka kama, baƙin suka ɗaure kaya. Hadiza ta ce Sidi zai tafi wata ƙasa mai irin ciwonmu, Maidara ma haka. Ranar tafiya Sidi ya ajiye mini ƴar shuɗiyar butar shayinsa a bakin ƙofa. Ita ce wadda kuke gani a kan kwanukana kuna zaton daga kasuwa ta fito. Shekarun baya Hadiza ta biyo ta nan, kanta ya fara furfura, ta ce mini Sidi ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Da zarɓa ta sake taruwa, dangogi suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ba laifi ba ne, mutum yana son sutura. Daga baya masu ƴaƴa a waje suka fara katangar bulo da ƙofar ƙarfe. Yanzu maƙwabciyarka sai ta kwana uku ba lafiya ba ka ji ba. Yakura ta rasu ba ta mayar da tata ba. Ni na mayar, amma iya ƙirji na tsayar da ita. Mutane suka manta cewa rabin gari ya kwana a fili. Ni da na fara, ni sunan ya bi.

Abba ya daɗe. Saƙon gaisuwa yakan zo ta bakin matafiya, ba sau da yawa ba. Sai wata shekara, lokacin nunar dabino, na ga mutum mai cikakken gemu a ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa, na kawo masa ruwa. Ba mu ɗauko tsohuwar magana ba. Da safe ya ce zai hau Jan Tudu. Na ɗauki sandata na bi shi a baya. Tudun ya daina zama ja. Ciyawa har gwiwa, itatuwa sun fi mutum, har kurciya na kuka. Shingayen duk yashi ya haɗiye su tuntuni, a kansu yake kwance. Ya yi ta zagaye yana dube-dube.

"Ina aka kafa ta?"

Na nuna masa da sanda. Ya durƙusa ya fara tono da hannu, kamar yaro. Ya tona har gwiwar hannu, sai ya tsaya. Kan zarɓa ne, ya yi baƙi, da guntuwar igiyar kaba a jiki. Ya hure yashin. Ƙullin yana nan, ya juya baya.

"Tana nan," in ji shi.

"Ina za ta je? Aiki ubanka ya ba ta."

Ya zauna a wurin ya dubi ƙasa. Daga nan ana hango kusurwar gabas duka, da rijiya, da dabinon da aka dasa shekarar haihuwarsa, kansa ya yi nauyi da ƴaƴa. Ku ƙannensa kuna ƙarƙashi kuna ban ruwa. Ya daɗe. Sannan ya mayar da yashin da tafukansa, ya daddanna, kamar mai rufe yaro da zane. Bai ce na yi daidai ba. Ban ce ya yi kuskure ba. Da muka zo gangara, gwiwata ta ƙi.

"Kawo hannunki, Inna, in riƙe."

Ya makara da shekaru masu yawa, amma ya riƙe, har gindin tudu.

To kun ji. Kada kowa ya hau tudun nan da gatari, ko bayan raina. In aka sake ce wa ƴaƴanku jikokin mai gida tsirara, kada su ɗaga hannu. Su tambayi yaron, dabinon da ya karya kumallo da shi, daga wace kusurwa ya fito.